Me ke sa na'urar auna danshin ƙasa yin ƙarya idan an kunna famfo?

Tun da aka janye tallafin man fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023, manoman rani da dama suka jingine injin ban ruwa mai shan fetur suka koma famfon sola. A daidai wannan lokaci ƙananan na'urorin auna danshin ƙasa sun yi arha, ɗaliban injiniya da matasa masu haɗe-haɗen lantarki kuma suna ɗaura su a kan ƙananan allunan kwamfuta irin su Arduino ko ESP32 domin lambu ya riƙa shayar da kansa. Tunanin ba baƙo ba ne a yankin. A Nijar, Abdou Maman Kané ya daɗe da fito da tsarin kunna famfon lambu da wayar salula. Abin da ake nema shi ne na'ura ta ji ƙasa ta bushe, ta saki ruwa, ta ji ta ƙoshi, ta rufe.

Ƙorafin da ake yawan ji iri ɗaya ne. A kan tebur komai lafiya lau. Da an kai lambu an binne, an ja waya mita ashirin, an kunna famfo, sai lambobi su fara tsalle. Wani lokaci ma na'urar ta ce ƙasa ta ƙara bushewa alhali ruwa na kwarara a fangali. Masu sayarwa na cewa haɗin ne bai yi ba, masu haɗawa na cewa kayan jabu ne, wasu kuma na ɗora laifin a kan ƙasarmu da zafinmu. Kowane ɓangare na da ɗan abin kamawa, sai dai matsaloli ne daban-daban aka haɗa a buhu ɗaya, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya.

## Abin da na'urar take aunawa

Babu ɗaya daga cikin waɗannan na'urori da ke ganin ruwa. Wani hali na lantarki suke aunawa, daga shi ake kintatar yawan ruwan.

Mafi arha ita ce mai ƙafa biyu kamar cokali mai yatsu. Takan tura wuta daga ƙafa ɗaya zuwa ɗaya ta cikin ƙasa, ta ga sauƙin wucewarta. Amma tsantsar ruwa ba ya ɗaukar wuta sosai, gishirin da ya narke a cikinsa ne ke ɗauka. Saboda haka wannan na'ura danshi da gishiri take aunawa a cakuɗe. Ƙarfenta kuma tsirara yake a cikin ƙasa, idan aka bar mata wuta dare da rana sai ya cinye cikin 'yan makwanni.

Iri na biyu ba ya tura wuta ta cikin ƙasa. Yana auna yadda abin da ke kewaye da shi ke riƙe caji. A wannan ma'auni iska 1 ce, ƙwayoyin ƙasa 3 zuwa 5, ruwa kuwa kusan 80. Wannan tazara ce ta sa ruwa kaɗan ke motsa awon. Baƙar falanƙan nan mai tsini da aka rubuta v1.2 a jikinta tana cikin wannan rukuni, haka ma na'urori masu tsada irin su TEROS 12 na kamfanin METER. Bambancinsu yana cikin saurin kaɗawar siginar da suke aiki da ita: mai arhar kimanin megahaz 1.5 (megahaz ɗaya kaɗawa miliyan ɗaya ce a daƙiƙa) idan an ƙera ta daidai, mai tsadar megahaz 70. Gwargwadon ƙarancin saurin, gwargwadon yadda gishiri da laka ke ruɗa awon. Akwai kuma tsarin TDR mai auna lokacin da sigina ke ɗauka ta bi sandunan ƙarfe ta dawo, wanda G. C. Topp da abokan aikinsa a Kanada suka fitar masa da ƙa'idar lissafi a 1980. Wannan a tashoshin bincike aka fi ganinsa.

Iri na uku, kamar Watermark na kamfanin Irrometer, yana auna irin wahalar da saiwa za ta sha kafin ta tsotso ruwa, daga santiba 0 zuwa 200 (santiba ma'aunin ƙarfin tsotso ne).

Abin lura shi ne ƙanƙantar siginar da ake magana a kai. Domin mai da sigina lamba, Arduino Uno na raba bolt 5 gida 1024, kowane mataki kimanin milibolt 5 ke nan. A misalin da kamfanin DFRobot ya bayar na irin baƙar falanƙan, tana nuna kusan 520 a iska, 260 a cikin kofin ruwa. Daga ƙarshen bushewa zuwa ƙarshen jiƙewa mataki 260 ne kacal, kuma ƙasar lambu wani yanki kawai take yawo a cikinsa. A jigawa abin ya fi tsanani. Alƙaluman FAO, hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, sun nuna cewa a rairayi, tsakanin ƙasa ta ƙoshi da shuka ta fara yaushi na dindindin, ruwan da ke ciki kashi 5 zuwa 11 cikin 100 ne na girman ƙasar, yayin da a laka yake kai kashi 12 zuwa 20. Milibolt 50 na baƙuwar wuta, wanda mai gyaran rediyo ba zai ko kula da shi ba, mataki 10 ne a nan. Ya isa ya sauya hukunci.

## Katsalandan, da masu kama da shi

Katsalandan na lantarki shi ne wutar da ba daga na'urar ta fito ba ta hau kan siginarta, ko ta girgiza ma'aunin da ake gwada siginar da shi. Hanyar gane shi tana cikin halin ƙasa: ƙasa ba ta gaggawa. Bushewa na ɗaukar sa'o'i da kwanaki, jiƙewa na ɗaukar mintuna. Duk lambar da ta hau ta sauka cikin daƙiƙa, ko ta yi tsalle daidai lokacin da wani inji ya tashi, ba ƙasa ba ce.

Akwai kuskuren da ke tafiya a hankali, shi kuma galibi ba katsalandan ba ne. Bayan an zuba NPK, gishirin taki na sa na'urori masu arha su nuna danshin da babu. Zafi ma haka: sauƙin wucewar wuta a ruwan ƙasa na ƙaruwa da kimanin kashi 2 cikin 100 a kowane digiri ɗaya, don haka na'urar da aka binne sama-sama a watan Afrilu za ta riƙa hawa da sauka tare da rana. Laka kan tsage idan ta bushe, ta bar iska tsakanin ƙasa da jikin na'urar, awo ya faɗi warwas. Sannan gefen baƙar falanƙan ba a rufe yake ba, ruwa na ratsa shi sannu a hankali idan ba a shafe shi da wani abu mai hana ruwa ba. Babu kebul ko matatar sigina da ke maganin waɗannan.

Akwai kuma aibin ƙira, wanda ya ba masu cewa jabu ne hujja. An san kwafi iri-iri na v1.2 a kasuwa. A wasu, a gurbin ɗan guntun da ke kaɗa siginar, an saka NE555 maimakon TLC555. NE555 na buƙatar aƙalla bolt 4.5, alhali wutar da ke isa gare shi a kan falanƙan kusan 3.3 ce. A wasu an cire ɗan abin da ke daidaita wutar gaba ɗaya, ta yadda duk rawar da batir ya yi sai ta fito a awo. A wasu kuma rasista mai megaom 1 ba ta haɗu da layin GND, wato layin dawowar wuta, ba, sai na'urar ta yi nauyin amsawa. Da gilashin ƙara girma ana iya karanta rubutun da ke kan ɗan ƙaramin baƙin guntun tun a shago.

## Inda yake fitowa

Babban mai laifi a lambun zamani shi ne akwatin da ke sarrafa famfon. Farantin sola wuta miƙaƙƙiya yake bayarwa, inbata ko kwantirola ce ke daddatsa ta domin juya motar famfon. Inbatocin mota kan yi wannan datsa sau dubu 2 zuwa dubu 16 a daƙiƙa, kuma kaifin kowace datsa na haifar da hayaniyar lantarki har zuwa megahaz. Wani ɓangare na wannan wuta na tsiyaya daga kebul da jikin mota zuwa ƙasa, yana neman hanyar komawa inbata. Famfon da ke nutse a rijiyar burtsatse kuwa a cikin ruwan ƙasar yake zaune. Idan na'urar danshi mai ƙarfe tsirara ta ba wannan wuta gajeriyar hanya, za ta bi.

Famfon sola na da wata ƙarin ruɗu. Ƙarfin aikinsa na bin rana, hayaniyarsa ma haka. Kuskuren da yake jawowa kan ƙaru da hantsi, ya kai ƙololuwa da azahar, ya ɓace da magariba. Tasirin zafi ma haka yake tafiya, ainihin shan ruwan shuka ma haka. Abu uku masu siffa ɗaya a kan jadawali, shi ya sa kallon jadawali kaɗai ba ya raba gardama.

Na biyu wutar gari da janareta, masu kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Doguwar wayar sigina da ta kwanta kusa da wayar wuta na kwasar wannan kaɗawa ba tare da sun taɓa juna ba.

Na uku yana cikin akwatin kansa. Duk wanda ya taɓa ajiye wayar salula kusa da lasifika ya san ƙarar da ake ji gab da shigowar kira. Tsarin GSM na wayar salula a guntu-guntu yake aika saƙo, sau 217 a daƙiƙa, kuma ɗan guntun aika saƙo irin SIM800L na iya fizgar amfiya 2 a kowane bugu. Rile, wato makunnin da allo ke kunna famfo da shi, da bawul mai buɗe ruwa ma na fizgar wuta idan sun kama, su kuma yi harbi idan sun saki.

Ga yadda wannan ke zama matsala a aikace. Idan ba a sauya saitinsa ba, Arduino Uno da wutar da ake ba shi yake gwada sigina. A ce na'urar danshi na fitar da bolt 2.0, wutar allon kuma 5.0 ce cif. Zai nuna 409. Rile ya kama, caja mai rauni ta ɗan durƙusa zuwa 4.7. Na'urar na nan a kan 2.0, ƙasa ba ta canza ba, amma yanzu allon zai nuna 435. A irin wannan na'ura, lamba mai yawa na nufin bushewa. Wato kunna famfon da kansa ne ke sa ƙasa ta zama kamar ta fi bushewa, sai tsarin ya ci gaba da zuba ruwa fiye da kima. A wani haɗin akasin haka ke faruwa: famfo ya tashi, lamba ta nuna jiƙewa, ya mutu, lamba ta koma, ya sake tashi, rile na ta ƙas-ƙas.

## Ta ina yake shiga

Ƙofa ta farko ita ce wayar dawowa da aka yi tarayya a kanta. Siririyar wayar da ke cikin kebul ɗin intanet na da turjiya kimanin om 9 a kowace mita 100. A mita 20, na'urar da ke jan miliamfiya 5 za ta yi asarar milibolt 9, abin da ba ya damun kowa. Amma idan aka ce a yi tsimin waya, aka haɗa bawul mai jan rabin amfiya a kan wannan layi na GND, sai kusan bolt 0.9 ya bayyana a kansa, ya hau kan awo kai tsaye. Wannan ya ɗan haura kashi biyu cikin uku na dukan zangon na'urar.

Ƙofa ta biyu ƙasar ce da kanta. Na'urori biyu masu ƙarfe tsirara da ke kan allo ɗaya sun haɗu sau biyu: ta waya, da ta ƙasa. Wutar ɗaya na bi ta cikin ƙasa zuwa ɗayar. Idan kuma allon na da alaƙa da sandar da aka kafa a ƙasa, ko da jikin famfo, an sami zobe wanda baƙuwar wuta za ta riƙa zagayawa. Wannan ne ya sa Irrometer ke shawartar masu haɗa Watermark da nasu allon su ba ta wuta a taƙaice, suna juya fuskarta, su kuma ware kowace na'ura daga sauran idan ba ita ake karantawa ba.

Ƙofa ta uku iska ce, ta doguwar waya. Gwargwadon faɗin filin da ke tsakanin wayar tafiya da ta dawowa, gwargwadon abin da maganaɗisun wayar wuta zai zuba a ciki.

## Gwaji kafin magani

Kafin a sayi komai, da tsakar rana famfo na aiki a tsaya a kalli lambobin na minti ɗaya, a kashe famfon, a sake kallo. Idan matsakaicin lambar ya yi tsalle nan take, ko rawar ta lafa, an kama mai laifi. A maimaita da janareta, da lokacin aika saƙo, ɗaya bayan ɗaya.

Gwaji na biyu ya fi nuna ƙofar. A cika bokitin roba da ƙasa mai danshi, a soka na'urar, a ɗaure bakin da leda, a ajiye shi a inda na'urar ta saba zama, a kan wayar da ta saba amfani da ita. Danshin cikin bokiti ba zai canza cikin awa ɗaya ba, kuma roba ta raba shi da ƙasar lambu. Idan a bokiti lamba ta natsu ko da famfo na aiki, amma a fangali tana rawa, ta ƙasa wutar ke shiga. Idan a bokitin ma tana rawa, matsalar na kan waya ko wutar allon. Daga nan sai a cire doguwar wayar a kawo bokitin gindin akwati. In ta natsu, waya ce. In ba ta natsu ba, a duba caja da rile.

Wata kariya: kada a yi gwajin da laftof ɗin da ke jone da caja. Cajar kan ƙara wata hanya zuwa wutar gari, ta kawo hayaniyar da babu ita a ainihin tsarin.

## Gyaran da ya fi biya

Mafi sauƙi bai ma shafi kayan lantarki ba: kada a auna lokacin da ake hayaniya. Tun da ƙasa ba ta gaggawa, awon da aka ɗauka da asuba, kafin rana ta tayar da inbata, ya isa yanke hukuncin ban ruwan yini, kuma a lokacin zafin ƙasa kusan ɗaya yake kullum. Inda dole sai an auna ana tsakiyar shayarwa, ana iya tsayar da famfo na 'yan daƙiƙu. Haka kuma a fara awo, a adana lamba, sannan a tayar da GSM ko Wi-Fi. A kan ESP32 akwai ƙarin dalili: ƙafafun awo na rukunin ADC2 ba sa karantuwa idan Wi-Fi na kunne, sai a yi amfani da na ADC1, wato GPIO32 zuwa 39.

Sai tazara. Wayar sigina ta yi nesa da kebul ɗin famfo aƙalla santimita 30, kada su shiga bututu ɗaya ko rami ɗaya. In ya zama dole su haɗu, su gitta juna, kada su jera. Akwatin awo ma kada a manna shi a jikin inbata don kawai nan ne inuwa take.

Wayar sigina da ta dawowarta a tufke su tare. Kebul ɗin intanet ya zo da tagwaye huɗu a tufke, sai dai mutane kan ɓata amfanin ta hanyar ɗaukar sigina daga wannan tagwaye, GND daga wancan. Dole su zama 'yan tagwaye ɗaya. Kowace na'ura ta sami nata layin dawowa har zuwa allo, bawul da rile su sami nasu, duka su haɗu a wuri guda kusa da batir.

A raba wutar awo da ta rile. Yawancin allunan rile na da wata 'yar gada da aka rubuta JD-VCC a gefenta. Idan an cire ta aka ba rile wutarsa daban, fizgarsa ba za ta taɓa allon awo ba. A sa dayod a bayan kowane nadin bawul ko rile mai aiki da miƙaƙƙiyar wuta domin ya shanye harbin. Kusa da SIM800L a sa babbar kafasita, maikurofarad 1000 ko fiye. Matsalar 409 da 435 kuwa ana kashe ta da ɗan guntun awo irin ADS1115, wanda ke da nasa tsayayyen ma'auni a ciki, bai damu da rawar caja ba.

Bayan waɗannan ne matata ke da amfani. Kamfanin Espressif da ke ƙera ESP32 na ba da shawarar kafasita mai nanofarad 100 a bakin ƙafar awo. Rasista mai kiloom 10 da kafasita mai maikurofarad 10 na rage kaɗawar 50 kusan sau 30, sai dai suna sa awo ya yi nauyi, a kan na'urori masu arha har daƙiƙu da yawa, don haka a jira bayan kunnawa kafin a karanta. Zoben ferait, irin ƙullin da ke jikin wayar cajar laftof, na rage kaifin hayaniyar inbata amma ba ya taɓa ta wutar gari.

Sandar da ake kafawa a ƙasa don kariya na da nata ƙa'idar. Masu aikin wuta kan zuba gawayi da gishiri a raminta saboda busasshiyar ƙasar rani ba ta karɓar wuta da kyau. Wannan rami ya yi nesa da inda aka binne na'urar danshi, in ba haka ba gishirin zai bi ruwa ya iske ta. Da damina kuma doguwar waya a fili na kwasar bugun tsawa ko da ba a kanta ta faɗi ba. In babu abin kariya a bakin allon, gara a zare ta idan an gama noman rani.

## Inda ra'ayi ya rabu

Saɓani na farko tsakanin masu gyara a manhaja ne da masu gyara a waya. Masu manhaja na cewa a ɗauki awo ɗari a fitar da matsakaici, kyauta ne. Suna da gaskiya a kan rawar da ke hawa da sauka daidai wa daida. Manyan na'urorin adana awo irin na Campbell Scientific ma haka suke yi, suna tara awo na tsawon zagaye ɗaya na wutar gari, milisakan 20, domin hawa ya cinye sauka. Amma akwai tarko biyu. Mai rubuta manhaja kan sa jira na milisakan 100 tsakanin awo da awo, 100 kuwa ninkin 20 ne, sai kowane awo ya faɗo kusan a wuri ɗaya na kaɗawar, matsakaici bai soke komai ba. Ƙaramin janareta kuma ba ya tsayawa a kan 50, don haka gara a tara awo da sauri na tsawon daƙiƙa guda ko fiye. Tarko na biyu ya fi girma: matsakaici ba ya gyara kuskuren da ya karkata gefe ɗaya. Mudun da aka lotsa wa gindi, ko sau ɗari aka auna da shi ragi ɗaya zai yi. Durƙushewar caja da tarayyar layin GND irin wannan kuskure ne, kuma tacewa na ƙara masa kwarjini ne kawai, domin lamba ta daina rawa har a yarda da ita. Game da tsalle na lokaci-lokaci, kamar harbin rile, jera awo daga ƙarami zuwa babba a ɗauki na tsakiya ya fi matsakaici.

Saɓani na biyu a kan kebul mai sulke ne, wato mai ragar ƙarfe a ƙarƙashin roba. Masu aikin awo sun saba haɗa sulken a gefe ɗaya kawai, wajen akwati, saboda haɗa gefe biyu na buɗe zoben da wutar ƙasa za ta bi. Injiniyoyin da ke fama da hayaniya mai saurin kaɗawa na cewa sulken da aka bar gefensa a sake ba ya tare ta da kyau. Dukansu daidai ne, a kan hayaniya daban-daban suke magana. A lambu, rabon da aka fi bi shi ne: kebul daga inbata zuwa mota a haɗa sulkensa gefe biyu, na siginar danshi kuma gefe ɗaya, ɗaya gefen a naɗe shi kada ya taɓa ƙasa.

Na uku, a ja sigina yadda take ko a mai da ita lamba tun a gindin na'urar. Bayan 'yan mitoci, hujjar ta fi karkata ga mai da ita lamba. RS-485 na aika saƙo a kan tufkakkun wayoyi biyu, mai karɓa na duba bambancin da ke tsakaninsu kawai, hayaniyar da ta hau su tare sai ta soke kanta. Yana iya kai mita 1200. SDI-12, wanda ya samo asali a ƙarshen shekarun 1980 don tashoshin auna ruwa a Amurka, a hankali yake tafiya da waya uku, ƙa'idarsa kimanin mita 60. Rediyon LoRa na kawar da wayar baki ɗaya. Kuɗi ne ke ƙaruwa, ga batir a kowace na'ura, ga kuma akwati a tsakiyar fili da ido zai iya kaiwa gare shi. Sannan saƙon lamba hanya kawai yake karewa. Idan awon ya gurɓata tun a ƙasa, gurɓatacciyar lamba zai isar ba tare da kuskure ba.

Na'ura mai tsada kuwa gishiri da laka da ratsawar ruwa take magancewa. Idan aka jera wayarta da kebul ɗin inbata a kan caja mai rauni, ita ma tana iya ruɗewa.

## Abin da ya shafi manomi

Kuskuren da ke nuna bushewar ƙarya na jawo yawan ruwa. Ga mai injin fetur kuɗin mai ne kai tsaye. Ga mai sola da ke ganin rana kyauta ce, asarar na ɓoye a taki: a jigawa ruwan da ya wuce saiwa na tafiya da sinadarin naitirojin ɗin da aka saya da tsada, albasa kuma ba ta son zama cikin ruwa. Kuskuren da ke nuna jiƙewar ƙarya na barin shuka da ƙishi a lokacin fure. Tumatir da ke shan ruwa yau da yawa gobe babu ya fi saurin tsagewa da baƙin gindi, kwandon kuma ya faɗi a kasuwa. Tashi da mutuwar famfo a kai a kai na cinye bakin rile ya gajiyar da mota.

Wanda zai biya a haɗa masa irin wannan tsari na da tambayoyin da zai yi ko bai san lantarki ba. A kashe famfo a kunna a gabansa ya ga ko lamba ta motsa. Shin iyakar kunnawa da ta kashewa daban-daban ne, da tazara a tsakaninsu? Shin akwai iyakar lokacin da famfo zai yi yana aiki komai na'ura ta ce? Shin a ƙasar gonarsa aka daidaita awon, ko a kofin ruwa? Daidaitawa ta gaskiya ita ce a ɗebi ƙasa da gwangwanin da aka san girmansa kusa da na'urar, a auna nauyinta, a busar da ita a digiri 105 na awa 24, a sake aunawa. Sassan nazarin ƙasa a jami'o'i da kwalejojin aikin gona na da irin wannan tanda.

A makwannin farko kada a bar na'urar ta riƙe famfo ita kaɗai. A riƙa tona ƙasa zuwa zurfin saiwa ana dunƙulawa a hannu, ana gwadawa da abin da allo ya nuna. Akwai kuma kayan awon da babu ruwansu da lantarki. Tensiyomita bututu ne cike da ruwa mai kan tangaran da agogon matsi, yana aiki har kusan santiba 80, zangon da ya dace da kayan lambu a ƙasa mai rairayi. Masu shinkafa a wurare irin su Kura da Bakolori kuwa, tsarin shayarwa da tsagaitawa da cibiyar binciken shinkafa ta IRRI ta yaɗa bututun roba mai huji-huji kawai yake buƙata, tsawon santimita 30, a kafa shi a fage a kwashe ƙasar cikinsa. Idan ruwan da ke ciki ya sauka santimita 15 ƙasa da doron ƙasa sai a sake sakin ruwa, ban da daga mako ɗaya kafin fitar fure zuwa mako ɗaya bayansa, lokacin da ake barin fagen a cike.